Kwari, Ba Kwara Ba

Shekarun baya, lokacin da jiharmu ta Kebbi take jaririya, ana ta rabon ma'aikata da kujeru tsakaninmu da Sakkwato, wasali ɗaya tak ya ɗauki mahaifiyata daga tsakar gidanmu a Yelwa ya kai ta tsakiyar gandun dajin da ke tsallaken ruwa. Abin dariyar shi ne ni ɗanta malamin Hausa ne. Aikina ke nan kullum, in tsaya gaban allo ina yi wa yara faɗa a kan su kula da wasali.

Abokina ne ya haɗa tafiyar. Malamin labarin ƙasa ne a makarantarmu, kuma yana cikin waɗanda aka yi wa canji zuwa Birnin Kebbi. Ya ce kafin a watsa mu, ya kamata mu malamai mu yi yawon buɗe ido na yini guda. Ya riga ya yi magana da malaman daji, sun ce za su ba mu mota da jagora. Shi abin da yake ɗoki wani kwari ne mai zurfi, tsagi tsakanin duwatsu, wanda ya daɗe yana koyarwa a aji bai taɓa gani da idonsa ba. Ni kam ba ruwana da dutse. Giwa nake so in gani, in sa a ɗauke ni hoto da ita a bayana, in manna a falo.

Wata la'asar ya zo gidanmu, ya durƙusa yana gaida Inna, tana zaune a gindin bango tana gyaran albasa. Surutu ya ɗebe shi, ya ce mata, "Inna, ranar Asabar za mu tsallaka. Za a kai mu har cikin kwari mu gani, wurin da ruwa ya ratsa duwatsu." Na ga hannunta ya tsaya a kan albasar. Ta juyo masa da kunnenta na dama, don na hagun ya yi nauyi tuntuni. Ta ce, "Mi kac ce? Tsakanin duwatsu?" Ya ce, "Ƙwarai kuwa, Inna." Ta ci gaba da aikinta.

Sai in ɗan faɗa muku wace ce Inna. Bagungiya ce, haifaffiyar wani gungu, wato tsibiri, da yake tsakiyar kogin Kwara can kudu da Yelwa. Ni ma can aka haife ni. Da aka tare ruwa da dam, a goye aka fito da ni, ruwa ya haye gidaje da gonakin albasa da maƙabarta gaba ɗaya. Tun daga nan Inna ba ta taɓa kiran tafkin nan Kwara ba. "Ruwan dam" take cewa. Tana wanki da shi, tana girki da shi, amma in ta shiga jirgi sai ta naɗe hannuwanta a cikin mayafi, ko yatsa ba ta tsomawa. Mahaifiyarta na ƙarƙashinsa. Sau da yawa da safe, in na je gaishe ta, takan ce ta sake yin mafarkin nan: tsohuwarta kwance cikin duhu da laka, tana jin sanyi.

A lokacin kuma matata na da tsohon ciki, cikinmu na fari. A gungunsu Inna, kakar wajen uba ce take ɗebo ruwan wankan farko na jariri, kuma ba kowane ruwa ba, sai mai gudu tsakanin duwatsu. Da shi aka yi mini. Ni kaɗai ne ɗanta namiji, don haka wannan ne karo na farko da aikin ya faɗo kanta, ga shi kuma duwatsun duk sun nutse. Na taɓa ce mata in kai ta wajen Shanga, inda ruwa ke tafiya har yanzu. Ta ce wancan ruwan yashi ne, ba shi ba ne. Daga nan na bar maganar, na ɗauka ita ma ta bari.

Ranar Asabar bayan sallar asuba na fito da shirina. Kada ku yi dariya: farar shadda na saka, da takalmi sau-ciki, da kyamarar aro a wuya. Sai ga Inna a zaure, ta ci ɗamara, ta yafa mayafi, tana rungume da wata tsohuwar gora da na san tana rataye a ɗakinta tun ina yaro. Ta ce, "Mu tahi." Na ce, "Ina kuma, Inna?" Ta ce, "Inda za ku." Na yi ta magiya, na ce tafiyar maza ce, akwai rana, akwai hawa da sauka. Ta kalle ni ta ce, "Malam, na goya ka na tsallake ruwan da ya hi wannan." In ta kira ni Malam, to magana ta ƙare. Na ɗauka 'yan uwanta na Warra take so ta gani, don ta can za mu bi. Ƙanwar matata na gidan, saboda haka na ce to.

A Warra ba ta ko kalli hanyar gidan 'yan uwan ba. Ta bi mu har bakin ruwa, inda hayaƙin bandar kifi ke tashi, ta riga kowa shiga jirgi ta zauna a tsakiya. Malamai suka yi ta zolayata, wai an zo da ni da mai reno.

Ban taɓa ganin tafkin nan kamar na safiyar ranar ba. Bazara ce, ba iska ko kaɗan. Ruwan ya kwanta lumui, fari fat, har ba ka gane inda ya ƙare sama ta fara. Kawunan busassun itatuwa sun leƙo nan da can, kowanne da farin tsuntsu a kai, ba ya ko motsi. Masunta can nesa, su da kwalekwalensu, sai ka ce a iska suke rataye. Surutun malamai ya mutu da kansa, aka bar ƙarar inji kawai. Ni har gyangyaɗi ya fara ɗibata.

Muna tsakiyar ruwa Inna ta taɓa ni. Fuskarta na haske irin wanda na daɗe ban gani ba. Ta ce, "Ashe akwai inda ta tsira. Shekaru nawa, ba wanda yag gaya mani." Na ce, "Wa ta tsira?" Ta ce, "Kwara mana. Abokinka ya ce za a kai ku ku gan ta tsakanin duwatsu." Ta shafa gorar da ke cinyarta. "Jikana ba ya wanka da ruwan dam."

Wallahi sai a lokacin na gane. Kwari abokina ya ce, kunnen Inna ya ji Kwara. Na rarrafa zuwa gaban jirgi na raɗa masa. Ya dafe kai ya ce, "Innalillahi! Ai ko ɗigo babu a wurin yanzu, sai damina." Ya ce in je in faɗa mata. Na koma, na sa baki a kunnenta na dama, na ce, "Inna, kwari ne fa! Kwari!" Inji na ta ruri. Ta gyaɗa kai tana murmushi ta ce, "To, ai shi nac ce." Na sake buɗe baki, na ga yadda take kallon gaba, na rufe. Malamin Hausa guda, wasali ɗaya ya gagare ni.

A tsallake muka tarar da motar malaman daji, buɗaɗɗiya, da jagoranmu, wani dogon mutum mai kakin da rana ta ci, da bindiga a kafaɗa. Mutumin Borgu ne, Hausarsa na da ɗan lanƙwasa. Ya dube ni daga hula har takalmi ya ce, "Malam, ɗaurin aure za ka?" Kowa ya kwashe da dariya. Da ya ga Inna kuwa sai ya rusuna ya gaishe ta, ya ba ta kujerar gaba kusa da direba. Ya ce mana daji ba ya son hayaniya, kowa ya riƙe bakinsa, kuma kada wanda ya sauka sai ya ce.

Muka shiga. An ƙona ciyawa tun kaka, sabon tsiro kore shar ya fito a kan baƙar ƙasa. Kaɗanya da maje da ɗorawa suna wucewa a hankali. Muka ga mariya sun tsaya cak suna kallonmu, kunnuwa a miƙe, sannan suka watse ba ƙara. Muka ga mugun dawa da 'ya'yanta sun ɗaga wutsiya suna gudu. Wani gwaggon biri ya zauna a kan dutse ya juya mana baya, shi kaɗai ne ma ya fito sosai a hotunan da na ɗauka. Giwa kuwa, kashinta kawai na gani. Jagora ya tsayar da mota ya nuna mana shi, ya ce na jiya ne, malamai suka kewaye shi suna jinjina kai. Duk wannan ina ganinsa ne sama-sama. Idona na kan ƙeyar Inna ta gilashin baya, da wuyan gorar da ya leƙo.

Rana ta kusa tsaka muka iso. Mota ta tsaya, jagora ya ce a sauka a bi shi. Muka ɗan taka cikin itatuwa, sai kawai ƙasa ta ƙare a gabanmu. Tsagi ne mai zurfi, bangonsa ja da baƙi, hawa-hawa, ya yi ta lanƙwasa har ido ya daina binsa. Can ƙasa farin yashi ne shimfiɗe, da manyan duwatsu a zazzaune. Abokina har rawar jiki yake, yana ta nuni yana bayani.

Inna ta matso bakin wurin. Ta leƙa. Ta juya kunnenta na dama, ta saurara, ta daɗe tana saurare. Ba komai sai kukan kurciya. Ta ce, "Ina ruwan?" Jagora ya ce, "Ai sai damina, Inna. Yanzu kwarin a bushe yake." Ta maimaita a hankali, "Kwari." Sannan ta dube ni. Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ja gefen mayafinta ta rufe gorar, yadda mutum yake ɓoye abin da ya ji kunyar ɗaukowa. Ban taɓa jin tausayin wani mahaluki kamar yadda na ji nata a lokacin ba.

Na ce ta zauna a inuwa in zauna da ita, su sauka su dawo. Ta ce, "Mun riga mun zo." Jagora ya riƙe hannunta, suka bi wata 'yar hanyar namun daji da ta gangara. Ni da ya kamata in kula da ita, takalmina ya kwashe ni, na ƙarasa gangaren a zaune. Farar shadda ta koma ja.

Ƙasan wurin wata duniya ce daban. Zafin da muka baro a sama babu shi. Wata iska mai sanyi na bin tsagin tana shafa fuska. Haske na saukowa daga sama, ya bugi jan bango, ya zubo a kan yashi launin zuma. Saiwoyin ɓaure sun sauko ta jikin dutse suna lilo. Tsuntsaye ƙanana masu kore da ja suna shiga ramukansu a bango suna fita. In ka yi magana, muryarka sai ta tafi ta dawo maka a tausashe, shi ya sa kowa ya koma raɗa ba tare da an ce ya yi ba.

Inna ta cire takalminta ta riƙe. Tana tafe tana shafa duwatsu. Ta tsaya a wani mai rami zagayayye, mai sulɓi kamar cikin turmi, ta zura hannu har gwiwa. Ta ce, "Irin wanga muna da shi. In ruwa ya janye, nan muke wanke gero." Ta ƙara gaba ta sami wani, ta zauna a gefensa. Na ga bakinta na motsi da Gunganci, yaren da ban iya ba sai gaisuwa.

Jagora ya nuna mana sama, can ƙololuwar wani reshe, inda busasshiyar ciyawa da karare suka maƙale. Ya ce, "Kun ga wancan? Ambaliya ce ta rataye shi. Da damina har can ruwa yake kaiwa. Nan da muke tsaye, ƙasan kogi ne."

Inna ta ɗaga kai ta kalli reshen. Ya fi tsawon mutum uku a kan juna. Ta sauke ido ta dubi yashin da ke ƙarƙashin ƙafarta, ta dubi bangon, ta dubi hasken. Ta ce, "Yaro, sake faɗi. Nan ƙasan ruwa ne?" Ya ce, "Ƙasan ruwa ne, Inna." Ta ɗebi yashin ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta, fari tas, ba laka ko kaɗan. Ta ce, "Ashe haka ƙasan ruwa yake. Ashe akwai haske." Hawaye na bin kuncinta, amma murmushi take. "Ga tsabta, ga sanyi mai daɗi. To ai ba ta cikin wahala."

Na san wa take nufi. Abokina ma ya gane, amma malanta ta motsa masa, na ga ya ja numfashi zai fara bayanin bambancin ƙasan tafki da ƙasan kogi. Na taka masa ƙafa da sau-cikin nan nawa. Ranar dai takalmin ya yi amfani sau ɗaya.

Jagoran ya lura da gorar tun a mota. Ya tambaye ni a gefe, na faɗa masa komai. Sai ya ce, "Ku biyo ni." Muka bi lanƙwasar tsagin zuwa inda manyan duwatsu biyu suka matse yashi a tsakaninsu. Ga sawun giwa nan fal, kowanne kamar faifai. A tsakiya akwai rami mai zurfin hannu. Ya ce giwaye ne suke tonawa da rani, don sun san ruwan bai tafi ba, ƙasa ya shige. Ya durƙusa ya ƙara yashe ramin da hannu. Muna kallo ruwa ya fara tsattsafowa, da fari gurɓatacce, sannan ya kwanta ya yi garau.

Inna ta durƙusa a bakin ramin, amma ba ta ɗiba ba. Ta ce, "Kwantacce ne ko mai tahiya?" Ta tsinko wani ɗan busasshen ganye ta ɗora a kan ruwan. Mu duka, manyan malamai da jagora da bindigarsa, muka sunkuya muna kallon ganye. Ya tsaya. Ya ɗan juya. Can sai ya fara matsawa, a hankali, a hankali, daga gefen dutsen nan har ya je ya manne a gefen wancan. Inna ta ce, "Tana tahiya." Jagora ya ce, "Tana tafiya, Inna. Ta ƙarƙashin yashi take bi har ta faɗa babban ruwa." Ta yi bisimilla ta kafa bakin gorar. Ƙarar shigar ruwan nan, ɓul-ɓul-ɓul, har yau tana kunnena.

Da yamma muka kamo hanyar gida. Rana ta yi ja, tafkin ya koma kamar an zuba masa manja. Kowa ya gaji, wasu na barci. Inna na tsakiyar jirgi da gorarta a cinya, ta toshe bakin da ganye. Da muka kai wajen busassun itatuwan nan, sai ta ce in matsa mata. Ta koma gefe. Ta fito da hannunta daga mayafi, ta sauke shi cikin ruwan har wuyan hannu, ta bar shi yana jan ruwa. Ta sunkuya ta ce, a hankali, yadda ake yi wa mutanen gida in an wuce ta ƙofarsu, "Sannunku da hutawa."

Ba a yi mako biyu ba matata ta sauka, namiji. Inna ta juye ruwan gorar a cikin na wanka, ta yi masa da hannunta. Ta rayu shekaru bayan haka, kuma ban sake jin ta ambaci mafarkin nan ba. In na je gaisuwar safe sai dai ta ce ta kwana lafiya, ta tambaye ni ko an kai yaron makaranta.

Na sha tunanin abin. Da na yi nasarar gyara mata kalmar nan a zaure, ko a cikin jirgi, da ta koma ɗakinta ta rataye gorar, da ta ƙarasa rayuwarta tana ganin mahaifiyarta cikin laka. Ni na tafi neman giwa na dawo da hoton bayan biri. Ita ta tafi neman kogin da babu shi, ta dawo da abin da take buƙata fiye da ruwan. Har yanzu in na shiga jirgi a Warra nakan tsoma hannu, kuma ba na jin tsoron abin da ke ƙasa. Kewarta kawai nake ji, sosai.

Yaron nan yanzu magidanci ne. Kwanaki ya ga gorar a ɗakina, ya ce, "Baba, wai da gaske ne da ruwan wannan aka yi mini wankan farko? Ruwan ina ne?" Na yi shekaru ina jan layi da jan biro a ƙarƙashin wasalin da yara suka kuskure. Na san amsar daidai, na san yadda ake rubuta ta.

Na ce masa, "Ruwan Kwara ne. Kakarka ce ta ɗebo."